Wutar Asabar a Ɗakin Tannus

Shekara ashirin da ɗoriya Tannus yana dafa giya a ɗakin da ke ƙarƙashin gidansu, amma ban taɓa ganin ya kurɓa ba. A ƙauyenmu na kan dutse, can sama da Bairut, kowa inabi yake matsawa sau ɗaya a shekara, ya dafa arak ɗinsa, wato barasar inabi, ya huta. Shi kaɗai ya jawo wa kansa wahalar giyar tsiron sha'ir. Kowace Asabar da hantsi sai ya sauka ya kunna murhu, ko ana zuba dusar ƙanƙara ko ana ɗaurin aure a coci. In giyar ta nuna ya ɗura a kwalabe ya bi gida-gida yana rabawa. Ita kuwa, Allah na tuba, wani zubin kamar ruwan wanke-wanke. Don kunya muke karɓa.

Direban motar makaranta ne har ya ajiye aiki. Siriri ne, mai magana ƙasa-ƙasa, ba ya faɗa da kowa. Shi da matarsa Warda Allah bai ba su haihuwa ba. Wata Asabar ya ɗaga tukunyar ruwan zafi zai juye a wata, bayansa ya riƙe, sai da maƙwabta suka hauro da shi a bargo. Likita ya hana shi ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Warda ta rantse in ya sake taɓa tukunyar nan za ta garƙame ɗakin da kwaɗo ta jefa makullin a rijiya. Wanda ya san Warda ya san ba ta rantsuwar banza.

Haka ya dogaro sanda ya zo shagona. Ni ne mai gyaran injinan ruwa a ƙauyen, kuma ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani.

"Mu'allim Wadi, famfo nake so wanda zai kwashe min ruwan tukunya ya kai wata."

"Na sanyi?"

"Tafasasshe."

"Ka ce dai so kake ka kashe min kaya. Kai da ba ka sha, me ya dame ka? Ka bari cikinmu ya huta mana!"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Asabar saura kwana huɗu."

Na ɗauko masa wani ɗan ƙarami mai kan ƙarfe, irin wanda maganaɗisu ke juyawa, ba mai a cikinsa balle ya ɓata abin sha, zafi kuma ba ya narka shi. Na ce, "Amma rago ne, ba ya zuƙa. Sai ruwa ya gangaro masa har baki sannan ya tura. Ka ajiye shi ƙasa da bakin tukunya. In ya sha iska zai yi ta ihu har ya ƙone."

Bayan mako ya dawo wai ihu kawai yake yi, a ba shi mai ja sama. Na gaya masa mai ja sama roba ce a cikinsa, ya nace, na ba shi. Robar ta narke, ruwan giyar ya fito da warin taya. A Asabar ta uku raina ya ɓaci, na rufe shago na bi shi.

Rabona da ɗakin tun muna yara. Rufinsa na dutse ne, gajere, sai ka sunkuya. Duk gidan an sa masa tayil, nan kuwa har yanzu daɓen ƙasa ne. Murhun gas ɗin yana can kusurwa a ƙasa, tukunya a kai tana huci, bakin da ruwa ke fita bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Da kallo ɗaya na ga matsalar.

"Ka ɗora murhun a kan bulo."

"Murhun nan ba ya barin ƙasa."

"To kawo diga mu yi wa famfon ɗan rami."

"Ba a haƙa a nan."

"Zinariya ka binne? Haba Tannus, ka hana ɗagawa, ka hana haƙawa, so kake ruwa ya hau sama da addu'a?"

Kafin ya amsa Warda ta ƙwala masa kira daga sama ya zo ya sha magani. Yana fita na fara dube-dube. Gefen murhu akwai tsohon buzu a shimfiɗe, na ture shi da ƙafa. Ashe ƙasa ta lotsa a wurin, wani ɗan kwari mai santsi, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Na ce madalla, ga rami an huta da haƙa. Na zaunar da famfon a tsakiya, na haɗa tiyo, na buɗe bakin tukunya, na jira iska ta gama fita, na kunna.

Ba ihu, ba kakari. Ruwan tsiro ya bi tiyo ya hau ɗaya tukunyar salin-alin. Ina tsaye ina jin daɗin kaina sai na lura gurnanin ba daga injin nake jin sa ba, ta tafin ƙafata yake shigowa. Can kuma na ji an sauke ajiyar zuciya, doguwa, ƙasa-ƙasa. Na ce wa kaina ragowar iska ce a tiyo, alhali na san na fitar da ita tas. Ga ɗakin da zafi amma hannuwana sun yi sanyi.

Da na waiwaya Tannus yana tsaye a ƙasan matakala, idonsa a kan buzun da na ture. Sannan ya lallaɓa ya zauna a kan akwatin kwalabe.

"Ka tuna Nuhad?"

Sai da na yi tunani. Ƙanwarsa ce, wata 'yar mitsitsiya. An ce mana ta rasu lokacin yaƙin basasa, kuma a shekarun nan wa ke tambayar inda aka sa wa?

Ya ce, "Kwana goma sha tara muka yi a ɗakin nan ana ruwan bama-bamai, ni da ita da mama. Gawayi ya ƙare a na shida. Sanyi ya kama mata ƙirji. Shekararta huɗu, ba abin da take cewa sai, mama, ƙafata. Ranar Asabar ta cika. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, ni na haƙa da cokalin kwasar toka."

Da aka yi sulhu uwar ta hana a tone ta. Sai dai kowace Asabar ta sauko da kaskon wuta ta ajiye a gefen wurin har la'asar. Da ita ma ta rasu, abin ya dawo kansa.

"In na ce wa Warda kabari nake hura wa wuta, fadan coci za ta kira min ya yi min addu'ar masu taɓin hankali. Arak sau ɗaya ake dafawa a shekara. Giya kuwa kullum tana son wuta."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na yi alamar gicciye na duƙa zan ɗauke famfon, ya riƙe min hannu. Ya durƙusa da ƙyar, ya dafa bayan injin da ya fara ɗumi, ya dafa ƙasar da ke gefensa.

"Bar shi, Mu'allim. Nuhad tana da wata kyanwa da take kwana da ita a ƙafa, haka take gurnani. Bar shi."

Na bar shi. Ban faɗa wa kowa ba, har matata. Shekara biyu famfon yana aiki bai taɓa dawowa shagona ba, ni ma ban sake taka matakalar nan ba. Duk kwalbar da ya kawo sai na shanye ta, ban ƙara yi mata tsiya ba.

Ya rasu farkon sanyin bara, a kujera, bayan cin abincin rana. Washegarin jana'iza Warda ta sa wa ɗakin kwaɗo. Na yi ta cewa zan je in gaya mata, in na kai ƙofar gidan sai in rasa ta inda zan fara, in wuce.

Ranar Juma'a ta uku, da azahar, na ɗago kai na gan ta a ƙofar shago cikin baƙaƙen kaya, makulli a hannunta.

"Wadi, gobe ka zo ka nuna min yadda ake fitar wa abin nan da iska."

"Wane abu, Warda?"

"Kada ka raina min hankali. Famfon. Da yadda ake jiƙa tsiron."

"Ke da kika ce hauka ce?"

Ta shigo ta zauna a kan bencin da ba ta taɓa yarda ta zauna ba saboda baƙin mai. Ta ce, "Bai gaya min komai ba, kai ma kada ka gaya min. Asabar biyu ba a kunna wuta ba. Jiya da rana na ɗan kishingiɗa, ban ma yi barci ba, sai na ji an ɗaga bargo ta baya. Aka cusa min ƙafafu biyu a bayan gwiwa, 'yan ƙanana, sanyi kamar ƙanƙara."

Na ce, "Sai kika yi yaya?"

"Me zan yi? Na matse su. Shekara talatin da biyar ina roƙon Allah ya kawo wanda zai yi min haka." Ta share ido da gefen gyale, ta miƙo min makullin. "Ban kore ta ba, Wadi. Amma ni tsohuwa ce, ɗumina bai ishe ta ba."