Azumin da na kasa ja wa Kawu baƙi

Tun kafin in yi aure nake ja wa kawuna baƙi a tafsirin azumi, a wani ƙaramin masallaci kusa da tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda. Ni in rera aya, shi ya fassara. Ɗinki ne sana'ata, amma da muryata nake taƙama, har zuma nake sha mata.

Duk shekara in muka iso inda Annabi Musa da mutanensa suka tsaya bakin teku, Fir'auna na bayansu, sai Kawu ya ajiye tabarau ya kawo wani labari. Wani tsohon ma'aikacin jirgi, Kirista, abokin hirarsa, shi ya ba shi. Wai a Attaura akwai ayar da aka umarci mutanen su ci gaba da tafiya, malaman Yahudu kuma suka ce tekun bai tsage ba sai da mutum guda ya faɗa ciki, ruwa ya kai masa hanci. Kawu yakan ce ba mu gaskata ba, ba mu ƙaryata ba, amma a duba yadda imani ke sa ƙafa ta motsa. Tsofaffi na son wurin nan ƙwarai.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, samari masu zafin karatu suka cika masallacin. Kwamitin masallacin ya aiko ni in gaya wa Kawu ya bar labarin, in ba haka ba za a ba wani kujerar tafsirin. Na same shi yana gyaran akurkin kaji.

"Kawu, don Allah bana a tsallake wurin ga."

"Mi ya sami wurin? Bara ba kai ka yi ta kabbara ba?"

Ranar, bayan la'asar, na ja ayar. Ya ajiye tabarau, ya ba da labarinsa tsaf, bai rage komai ba. Wani saurayi ya miƙe ya ce ba a zo nan jin zancen Yahudu ba. Kawu ya ce masa ya zauna, za a yi tambaya a ƙarshe, sannan ya juyo gare ni.

"Alaramma, ja muna."

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Tsoro ne tsagwaronsa. Idanu duk suna kaina. Da ya ga shirun ya yi yawa, sai tsohon ya ja wa kansa baƙi da muryarsa mai rawa, ya fassara, ya sake ja, har aka tashi. Ban taɓa jin kunya irin ta yinin nan ba.

Washegari aka kawo sabon malami daga Shinkafi. Ni kuwa aka ce in ci gaba da ja, shugaban kwamiti har da dafa kafaɗata, wai na nuna kishin addini da na ƙi biye wa tsoho. Na je in gaya wa Kawu ba zan karɓa ba, tun ban gama ba ya katse ni.

"Tahi ka ja musu. Kai ad da iyali, su ne ke kawo ma ɗunkin Salla."

Na tafi na ja. Da na ɗaga kai tsakiyar karatu, sai ga Kawu a sahun farko, yana bin bakina, yana gyaɗa kai duk inda na yi daidai.