Ruwan da Ke Bayan Rumfata

Ni dai a ƙasar nan babu lungun da zai rantse bai san takalmina ba. Na yi barci a kan buhun albasa daga Sakkwato zuwa Fatakwal ya fi sau dubu, sauron hanya ma in ya gan ni sannu da zuwa yake yi mini. Saboda haka ranar da ƙanina, malamin makaranta a Inugu, ya bugo waya ya ce mu yi gasa, kowace shiyya ta Nijeriya mu karanta littafi ɗaya da labarinsa ya faru a can, dariya na yi har hulata ta faɗi.

"Yaya, sanin ƙasa ake nema."

"Ai ni ne ƙasar," in ji ni.

Na Arewa guda uku na shanye su kamar fura. Na ƙasar Ibo a cunkoson motocin Upper Iweka na gama shi, direbanmu bai ko motsa ba. Da aka zo kan shiyyar bakin teku na ce a ɗauke mini. Shekarata ashirin da biyu ina sayar da albasa a Kasuwar Creek Road ta Fatakwal, me littafi zai gaya mini? Ya ce doka doka ce, ya aiko shi.

A lokacin kuwa ina cikin damuwa. Akwai wata dattijuwa, babbar kwastomata, mai zuwa a kwalekwale daga ƙauyukan cikin ruwa, ta sauke busasshen kifi ta ɗauki albasa. Aibinta ɗaya a wurina, ba ta da lokaci. Wannan zuwan da hantsi, wancan da azahar. Wata rana na ajiye mata buhu har bayan la'asar, da ta iso na ce a gaban mutane, "Madam, ku a garinku ba a sayar da agogo ne?" Ta dube ni sama da ƙasa, ta wuce rumfar maƙwabcina. Wata biyu ko gaisuwa.

Littafin labarin wasu masunta ne. Ina cikin karatu sai uwar gidan ta ce wa 'ya'yanta su yi sauri, ruwa zai tafi. Na ce ikon Allah, ina kuma ruwa zai je? Ashe sau biyu a kowace rana teku yana turo ruwa cikin ƙoramun nan su cika, sa'an nan ya janye abinsa ya bar taɓo, kwalekwale ya zauna daɓas. Kuma kullum lokacin yana gusawa kusan awa guda. Mai jan ruwan? Wata. Watan nan dai da muke miƙa wuya muna nema in azumi ya gabato!

Mu a gida kogi sau ɗaya yake cika a shekara, sauran watannin yashi ne, har jaki ya wuce. Taɓon bayan kasuwa kuwa ina ganinsa kullum, na ɗauka ƙazanta ce kawai.

Washegari na bar wa maƙwabcina rumfa, na kafa sanda a bakin taɓon, na tsuguna. Babu ruwan sama, babu iska. Sai ga ruwa yana rarrafowa shiru, ya lashi gindin sandar, ya hau, ya hau. Kwalekwalen da suke kwance kamar matattun shanu suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Tasbihi kawai nake yi. Daga can nesa sai ga wasu suna shigowa a jere, na dattijuwar nan a cikinsu.

Ban jira ta gama sauke kifi ba. Na tare ta da kwandon albasa mafi kyau, na ba ta haƙuri da Turancin buroka iya iyawata. Da na ga fuskarta ta ɗan saki, sai bakina ya ɓalle. Na shiga yi mata bayanin teku, da wata, da yadda lokaci yake gusawa, ina nuna sama ina nuna ƙasa. Ta saurare ni tsaf. Ta nuna buhu biyu a rumfata ta ce a kai mata kwalekwale. Sa'an nan ta gyara ɗaurin zanenta.

"Alhaji, akuyata ma ta san wannan, kuma ko aji ɗaya ba ta yi ba."