Ciwon da Ba a Faɗa Gaban Mijin 'Ya

Damagaram zuwa Tanut

Ana kiran assalatu na fita daga gida. Matata Hadiza ta biyo ni har zaure da tsohon cikinta, tana maimaita saƙon da na riga na haddace. Mahaifinta ba shi da lafiya a rugarsu, can wajen Tanhiya. An ce ya daina bin shanu, ya rame, amma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Ta ji cewa ƙaramin gidan likitan yankin ya samu na'urar da ake ganin likitan Damagaram a cikinta ranar kasuwa, ana magana da shi kamar yana zaune gabanka. Ita ba ta iya tafiya, yayyenta kuma sun yi kudu da garke. Saura ni, tela, mijin 'ya.

"Ka tsaya a kansa har ya faɗi abin da ke damunsa," ta ce.

Na ce ta bar mini. A lokacin gani nake duk duniya babu wanda ya fi ni dacewa da wannan aiki.

Motarmu ta tashi gari na wayewa. A Bakin Birji jandarmomi suka duba takardu, muka sha shayi da burodi a tsaye. An gama girbi, dammunan gero jibge a gonaki har inda ido ya ƙare. Mun shiga Tanut kafin azahar, aka ce motar Tanhiya sai gobe. Na kwana gidan wani da muka koyi ɗinki tare, ya cika ni da tuwon gero da cuku, ya kuma yi mini dariya da na gaya masa abin da ya kawo ni. Ban tambaye shi dalilin dariyar ba.

Tanut zuwa ruga

Da safe muka hau wata tsohuwar buɗaɗɗiyar mota, ni a kan buhunan dusa, tunkiyar wani a kan ƙafata. Da muka bar kwalta na tambayi direba ina hanyar.

"Malam, nan babu hanya," ya ce. "Sawun na jiya ake bi."

Da la'asar na isa ruga. Na cire takalmi daga nesa, na durƙusa, na gaida surukina. Ya amsa yana kallon wani wuri, kamar yadda ya saba. Tun da na auri 'yarsa ba mu taɓa cin abinci wuri ɗaya ba, ba mu taɓa haɗa ido ba, sunansa ma ba zan kama a nan ba. Sai dai na tsorata da ganinsa. Mutumin da na sani a miƙe, ga shi zaune a karkace. Ta bakin wani maƙwabci na isar da saƙon Hadiza, ta bakinsa kuma amsa ta dawo: da ma tsoho zai je kasuwa gobe.

Kan tudu

A cikin gidan likitan rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa. Sai an hau wani tudu a bayansa, ƙarƙashin aduwa. Can majo, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin, ya shimfiɗa tabarma, tsofaffi maza da mata suka kewaye shi. Da yake yawancinsu kunne ya yi nauyi, ya ƙure sautin na'urar. Duk wanda ya faɗi ciwonsa, rabin kasuwa ta ji.

Da layi ya zo kanmu majo ya auna jinin tsoho, ni kuma na yi wuf na karɓi na'urar, na durƙusa dab da shi ina riƙe masa, ina jin kaina wani babban mai taimako.

"Baba, ina ke ciwo?" likita ya tambaya daga ciki.

"Lafiya lau, ɗana."

"Kana cin abinci? Kana barci?"

"Alhamdu lillahi."

Ta kowace hanya likita ya ɓullo, amsar ɗaya ce. Hotonsa ya fara tsayawa yana dawowa. Ya ce akwai wani ƙauyen da ke jiransa, in babu komai a kawo na gaba. Na ga tsoho ya dafa ƙasa zai tashi, ya koma da ciwonsa yadda ya zo da shi.

Na gaba shi ne Malam Gaji, wani dattijo Babarbare mai sayar da kanwa, da ya zo don gwiwarsa. Shi da surukina sun tsufa suna wasan Fulani da Barebari a wannan kasuwa. Sai ji na yi an fizge na'urar daga hannuna.

"Kai ɗan birni, ɗinki ya cinye maka hankali? Mutum zai faɗi abin da ke ƙarƙashin rigarsa gaban mijin 'yarsa? Sauka! Ku ma mata ku ba mu wuri. Likita, ka ba shi layina, gwiwa ta jira. Wannan bawana ne, ni na san ƙaryarsa."

Kunya ta rufe ni, na sauka tudun ban waiwaya ba sai da na kai gindi. Daga can na hango tsofaffin biyu sun haɗa kai a kan na'urar. Da farko ina jiyo dariyar Malam Gaji. Can sai dariyar ta ɗauke, ba ta sake dawowa ba.

Majo ne ya sauko ya same ni. Ya ce likita na son ganin tsoho ido da ido a Damagaram, kuma ba abin jira ba ne. Na buɗe baki zan tambaye shi mene ne ciwon, sai na rufe. A sama ina jin surukina yana maganar 'yan shanun da suka rage masa, Malam Gaji yana cewa yaushe bawa ya yi dukiya, ai shanun nasa ne, shi zai duba abinsa.

Komawa

Direba ya ba tsoho gidan gaba, ni na koma kan buhuna. Kafin Tanut ya sa an tsaya sau da yawa. Kowane lokaci sai ya sauka da buta, ya shiga bayan ƙaya, ya daɗe, ya dawo yana gumi. Ni kuwa in juya ina kallon raƙuma a ɗaya gefen. Wani fasinja ya fara gunaguni, direba ya ce masa wanda ke sauri ya sauka ya riga mu.

Washegari muka shiga Damagaram, kai tsaye zuwa asibiti. Likitan da muka gani a na'ura ya fito da kansa, ashe gajere ne. Ya ce an zo a kan lokaci, yau za a kwantar da shi. Ya tambaya ko zan shiga tare da su. Na ce a'a, a nan zan tsaya.

A bakin ƙofa tsoho ya tsaya. Ya juyo, bai ɗaga ido ba, ya miƙo mini sandarsa ta kiwo.

"Riƙe mini," ya ce.

Na karɓa da hannu biyu.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa majo da direba, da Malam Gaji wanda ya koma gida da gwiwarsa ba a duba ba. Da na shiga gida Hadiza ta tare ni a tsakar gida, ta kalli sandar, ta kalle ni.

"Me likita ya ce yana damunsa?"

"Ban sani ba," na ce. "Amma ya faɗa."