Yatsan Wiebe

A garin Dokkum, duk wanda allon kwamfutarsa ya mutu wurin Wiebe Hoekstra yake kai shi. Ran Asabar masu gyaran kyauta suke zama a zauren unguwa, teburin bakin taga kuwa nasa ne. Tun yana saurayi yake gyaran talabijin, kuma da yatsa yake aiki. Ya kwance bayan allo, ya jona wuta, ya bi ƙananan kayan cikin da ɗan alinsa. Inda ya ji zafi, nan cutar take.

Abin da bai gaya wa kowa ba, har matarsa Aukje, shi ne ciwon suga ya kashe masa bakin yatsun. Yanzu lalube kawai yake, yana cika fuska.

Ana haka sai ga Tjeerd, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya, da wata 'yar kyamara mai nuna zafi. Ka haska ta a kan allo, wurin da ya yi zafi ya fito jajir.

"Maƙwabci, zo ka ga ikon Allah," in ji Tjeerd.

"Na gani daga nan. Nawa suka yashe ka?"

"Kai dai rowa ce za ta kashe ka."

"Mutum da yatsu goma ya je ya sayi na sha ɗaya!"

Aka yi dariya, Wiebe ya ji daɗi. Amma a hankali layin ya karkata zuwa teburin Tjeerd, har mai raba kofi can take fara ajiye biskit. Wiebe ya riƙa cewa kayan wasan yara ne, alhali in ya koma gida hotonta yake ta kallo a waya. Kuɗin saye yana da su. Sai dai ranar da ya shigo da ita, kowa zai tambayi ina yatsan.

Wata Asabar malamar makaranta, Sietske, ta kawo masa allo mai ɗaukewa. Ya buɗe, ya dafa wani ɗan baƙin ƙarfe, yana yi mata bayani cikin isa. Bai ji komai ba. Ƙaurin fata ne ya fara zuwa hancinsa.

Ya ɗago. Tjeerd na tsaye, kyamarar na kallon teburin. Tjeerd ya ga wurin ya wuce ja ya koma fari fat don zafi, ya ga yatsan a kai bai ko motsa ba. Wiebe ya jira a yi shela.

Tjeerd ya kifa kyamarar a gabansa. "Riƙe min wannan, dattijo. Kofi zan ɗebo, kar yaran nan su taɓa."

Ya daɗe bai dawo ba, da gangan. Wiebe ya dunƙule yatsan a aljihu, ya haska da hagu. Ga cutar nan ɓaro-ɓaro. Ya canza ƙarfen, ya ɗiga dalma, allo ya kawo.

"Hannunka dai ba na biyu, Malam Hoekstra!" in ji Sietske.

Bai musa ba. Ya hango Tjeerd can yana hura kofi hankali kwance. Da kyamarar kaɗai mutumin yake da ita, da sauƙi. Yanzu ga kirki ya haɗa.

"Yaya ka gan ta?" Tjeerd ya tambaya da ya dawo.

"Gilashinta ya yi ƙanƙanta," in ji Wiebe. Bai miƙa masa ba.