Dillalin Teku

Da na fara aiki a wani buro, wato ofis, a garin Agiye, Inna ta tsare ni sai na gaya mata abin da nake yi a gaban na'ura wuni guda. Na ce mata masu binciken teku kowa da sunan da yake ba kifi, kowa da yadda yake auna gishirin ruwa, shi ya sa rumbunan bayanansu ba sa fahimtar juna. Ni ke daidaita su.

Ta ce, "Ashe dillanci ne, irin na kawunka a kasuwar Cadawa!"

Ranar kasuwa ta baza labari. Har yau dillalin teku ake kirana, ni da ko tabkin bayan gidanmu ban taɓa shiga ba, don Inna ta hana.