Saƙon da Baba Ya Ba Ni In Kai wa Ɗansa

Akwai wata Asabar da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun shuɗe, yarana da suke firamare a lokacin yanzu sun kusa kamo ni a tsayi, amma tana nan a raina kamar jiya aka yi ta. Ranar ce mahaifina ya riƙe hannuna ya ba ni saƙo in kai wa ɗansa, alhali ni kaɗai ne ɗa namiji da Allah ya ba shi.

Baba ɗan kasuwa ne, mutumin Kano, yana cikin waɗanda suka daɗe suna zuwa Dubai saro kaya. Daga baya ya zauna gaba ɗaya, ya kama wani ɗan ofis a Deira, kusa da Al Rigga, yana haɗa wa 'yan kasuwarmu kago, wato kayan da ake tura musu gida ta jirgi. Bai yi boko mai nisa ba, amma bakinsa ya san harsuna. Larabci yake yi da masu shaguna, Turanci da ma'aikatan tashar ruwa, har Indiyanci yakan taɓa idan yana tsokanar 'yan dako. Shi ya tsaya min har na zama injiniya, na samu aiki a wata masana'anta a Dubai Investments Park. Da mahaifiyarmu ta rasu, na yi ta lallashinsa har ya yarda ya dawo wurinmu a Al Warsan, ni da matata da yara biyu.

Ciwon ƙoda ne ya fara kama shi, aka ɗora shi a kan wankin ƙoda. Mantuwar kuma a hankali ta shigo, har muka daɗe muna ce mata gigin tsufa. Sai ya idar da la'asar ya sake tayar da ita. Sai ya tambayi matata ko Hajiya, mahaifiyarmu, ta dawo daga unguwa. Mukan yi dariya mu wuce. Dariyar ta ƙare ne ranar da aka neme shi a gida aka rasa, a tsakiyar watannin zafi, lokacin da ko mai lafiya ba ya iya tsayuwa a waje. Ashe bas ya hau, ya nufi ofishin da ya daɗe da rufewa. Wani tsohon ɗan dako ne ya gan shi a ƙofar tashar jirgin ƙasa na Metro da ke Al Rigga, ƙafa ɗaya ba takalmi, leɓɓansa sun bushe, ya kira aminin Baba, Alhaji, wani dattijo mutumin Damagaram da suka yi kasuwa tare tun suna da ƙarfi. Kwana da kwanaki Baba ya yi a asibiti.

Likita ya zaunar da ni ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, gaba zai ci gaba da yi. Ya ce ga ƙoda ga wannan, dole a samu masu jinya a kansa dare da rana. Mun gwada ɗauko mai jinya gida. Ta farko mace ce, Baba ya ce ko zai mutu ba za ta yi masa wanka ba. Na biyu namiji ne, Baba ya ɗauka ɓarawo ne, ya bi shi da sanda. Matata malamar makaranta ce, ta rame ta yi baƙi, ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma ina gani. Na yi tunanin mayar da shi Kano wurin ƙanwata, likita ya ce jikinsa bai tsaya ba, ba ya so a katse masa wankin nan ko a sauya masa hannu. Da na faɗa wa ƙanwata a waya cewa ina neman gidan kula da tsofaffi, kuka ta fashe da shi.

"Yaya, Baban namu? Me za mu ce wa dangi?"

Na ce, "Ki ce musu asibiti ne. Ai kusan haka ɗin ne."

Irin waɗannan gidaje ba su da yawa a nan, wanda kuma zai karɓi baƙo mai wankin ƙoda ya fi wuya. Bayan yawo mai yawa, biyu suka rage mini.

Na farkon a gefen Deira yake, wani tsohon gini da aka gyara. Tare da Baba da Alhaji muka je. Tun daga ƙofa ban ji ya kwanta min ba. Barandar matsattsiya ce, fentin ya dusashe, ana jin ƙarar motoci har cikin ɗaki. Baba kuwa yana shiga ya wuce taga kai tsaye. Ya tsaya yana kallon masu tura kwalaye a kura, aka kira azahar a masallacin da ke bayan ginin, ya juyo fuskarsa a sake ya ce, "Ai nan kusa da ofis ne." Alhaji ya yi murmushi. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Abin da na hango shi ne ƙofar da ke buɗewa kan titi, da Baba a tsakiyar rana ba takalmi.

Na biyun can bayan gari yake, sai ka wuce unguwanni ka fara ganin rairayi. Ni kaɗai na je. Komai sabo, komai fes. Ga lambu da inuwa, ga ƙofofin da ba sa buɗuwa sai da kati, ga injin wankin ƙodar a cikin ginin, ba sai an ɗauki mutum zuwa asibiti ba. Na yi musu tambayoyi irin na injiniya. Idan wuta ta ɗauke fa? Nas nawa ke kwana? Idan ya faɗi, wa zai sani? Duk suka amsa min yadda nake so. Na fito ina jin na sauke nauyi.

Da na gaya wa Alhaji a wurin shan shayinsu, ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"Ɗana, wurin nan Metro na zuwa?"

Na ce, "A'a Alhaji, sai dai tasi."

"To ka ga ni gwiwata ba lafiya. Sauran abokansa kuma kowa yana fama da kwantenar kayansa. Nan kusa kam, ko bayan la'asar ma sai mu leƙa."

Na ce masa lafiyar Baba ce a gaba, ziyara kuma duk mai niyya zai zo. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, kai ne ɗansa. Allah ya sa haka shi ne alheri." Har yau ina ganin yadda ya ɗauki hularsa daga kan gwiwa ya sa, bai shanye shayin ba. A lokacin na ɗauka ra'ayin tsofaffi ne kawai.

Ba zan ɗora wa mutanen gidan nan laifi ba. Sun kula da Baba iya ƙoƙarinsu. Tufafinsa kullum a wanke, jikinsa ba gyambo, ƙodar ma ta lafa. Akwai wata nas 'yar Filifin da ke kiransa Baba da wata irin murya mai daɗi, tana yanke masa farce. Abin da ban sani ba, ban kuma tambayi kowa ba, shi ne ciwon nan yana kwashe harsunan da mutum ya koya da girmansa. Indiyancin ne ya fara tafiya. Turanci ya bi shi. Larabcin ma ya zube, sai na sallah da addu'a. Cikin 'yan watanni Baba ya koma ba ya jin komai sai Hausa, a ginin da babu mai jin Hausa ko mutum ɗaya.

Alhaji ya ɗauki tasi ya je a farko-farko, wasu ma sun je sau ɗaya. Daga nan ƙafa ta ɗauke, kuma ban ga laifinsu ba, tafiyar ta kan cinye wa mutum yini. Ni ma aiki ya sa sai ƙarshen mako nake zuwa. Aka fara kirana a waya ana cewa Baba yana tayar da hankali, yana ta ihu da safe, yana ture abinci. Likitansu ya ba da shawarar a ƙara masa maganin kwantar da hankali, na ce a ƙara. Sai daga baya na gano ihun da suke faɗa buta yake nema, zai yi alwala. Su kuma sai su miƙa masa ruwan sha a kofi, ya ture, su rubuta ya ƙi sha.

Ranar Asabar ɗin da nake ba ku labari, na je da hantsi. Matata ta dama kunun gyaɗa ta zuba min a fulas. Na same shi a lambu a kan keken guragu, an juya shi yana fuskantar furanni. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ina kwana?"

Ya ɗago da sauri kamar wanda aka tasa daga barci. Ya ƙura min ido. Sai ya kamo hannuna da hannayensa biyu.

"Bawan Allah, kai Bahaushe ne?"

Na ce, "Baba, ni ne fa."

Bai ji ba, ko kuma bai gane ba. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Alhamdu lillahi. Yau Allah ya kawo min ɗan'uwa. Daga ina? Kano?"

Sai na ce, "Eh, daga Kano."

"Madalla. To don Allah zan ba ka saƙo. Ina da ɗa a garin nan, injiniya ne, yaron kirki. Ka tambaya a Deira, kowa ya san ɗana. Ka ce masa ga inda nake. Mutanen nan ba su da mugunta, amma kurame ne, ina magana ba sa ji. Shi bai san an kawo ni nan ba. Wallahi da ya sani, da ko yini ɗaya ba zan yi ba."

Ya faɗi haka da cikakken yaƙini, har da ɗan alfahari a fuskarsa. Na buɗe baki in ce masa Baba ni na kawo ka, ni na zaɓi wurin nan da kaina, maganar ta ƙi fita. Na sunkuyar da kai a kan gwiwarsa, hawaye suna zuba a kan jallabiyarsa. Sai na ji tafin hannunsa a bayana yana bubbugawa.

"Haba, bawan Allah, mene ne na kuka? Kai ma baƙo ne ko? Yi haƙuri. Idan ɗana ya zo sai mu tafi da kai."

Na ba shi kunun da cokali, ya shanye tas, mutumin da aka ce ba ya cin abinci. Yana sha yana ba ni labarin Kantin Kwari da na jirgin farko da ya hau. Ya yi magana har muryarsa ta dushe. Da zan tafi ya sake riƙe ni ya ce, "Kar ka manta da saƙona." Na ce ba zan manta ba. Na shiga mota na kasa tayar da ita, sai da mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambaya ko lafiya.

Washegari na koma gidan nan na Deira. Matar da ke kula da wurin ta gane ni, ta ce ɗakin da muka gani an daɗe da ba wani, babu gado ko ɗaya, sai dai in jira. Daga nan na wuce wurin Alhaji. Ina tsammanin zai tuna min maganarsa, bai yi ba. Ya saurare ni har na gama, ya share idonsa da gefen rigarsa, ya ɗauki waya ya fara kiran mutane.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, wani mai motar ɗaukar kaya ya kwaso su, dattawa da matasa, wasu ma ban san su ba. Suka zagaye Baba a lambu. Bai gane kowa da suna ba, har Alhajin. Amma da aka fara gaisuwa sai ga Baba ya miƙe zaune.

Wani daga cikinsu ya ce wa Baba, "Alhaji, ina gajiya?"

Baba ya ce, "Ba gajiya."

"Ya kasuwa?"

"Da godiya. Kaya sun iso?"

Aka fashe da dariya, aka ce sun iso lafiya. Ya ce to a yi maza a sallami mutane, kar a riƙe wa kowa kayansa. Nas ɗin nan 'yar Filifin tana tsaye daga nesa, ta rufe baki da hannu. Ta ce min ba ta taɓa sanin yana dariya ba.

Na ɗauki hutu a wurin aiki, na koma kullum ina can. Na koya wa masu jinyar 'yan kalmomi, buta, sannu, zafi, sallah, suka kuma riƙe su da murna. Aka rage masa maganin. Sai dai jikin ya riga ya yi nisa. Bai ƙara gane ni a matsayin ɗansa ba, ni ne dai bawan Allah mutumin Kano mai kawo kunu, kuma yakan tambaye ni ko na samu yaron. Nakan ce na same shi, yana hanya. Bai kai ƙarshen sanyin shekarar ba Allah ya karɓi abinsa, da rana tsaka, ina riƙe da shi ina masa kalmar shahada yana bi. A nan Dubai muka binne shi, Alhaji ne ya ja sallar.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ko a Deira na ajiye shi ciwon ba zai bar shi ba. Mai yiwuwa ma da ya sake ficewa titi. Ban zaɓi wancan gida don in rabu da shi ba, Allah shi ne shaida. Abin da ke ci min rai shi ne watannin da ya yi yana magana ba mai amsawa, a daidai lokacin da sauran hankalinsa bai gama tafiya ba. Waɗannan ba za su dawo ba.

Yanzu idan wani daga cikin mutanenmu ya zo min da irin wannan matsalar, ba na ce masa kar ya kai tsohonsa gidan jinya, don wani lokacin babu yadda za a yi. Abin da nake ce masa shi ne, bayan ka gama duba gado da magani da tsaro, ka zauna ka lissafa mutanen da suka san shi tun yana da ƙarfinsa, ka ga ko ƙafarsu za ta iya kaiwa wurin. Tsorona ya sa na tsare jikin Baba daga titi da rana, na manta cewa mutumin da ke cikin jikin yana buƙatar nasa. Wanda mantuwa ta kama ba ya iya riƙe kansa, mutanensa ne ke riƙe masa ko shi wane ne. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mana.