Hannun da Na Ɗora wa Laifi

A shagon kwamfutar da na fara aiki a Kankara, kujerar da ke ƙarƙashin fanka ta Malam ce. Tsohon mai buga tafireta ne da ya koyi kwamfuta da furfurarsa, saboda iyalinsa a Yargoje da aikin nan suke ci. Alhaji mai shagon ya ba shi babbar kwamfuta, ni kuwa aka ajiye ni bakin ƙofa wajen injin kwafe takardu, rana tana dukana. Ina son kujerar nan, kuma na san ina son ta.

A lokacin na kamu da son manhajojin gwaji, irin waɗanda masu su ke saki tun ba su gama nuna ba, don jama'a su gano musu inda ke da matsala. Wata rana Malam ya fita sallar azahar, na ɗora wa kwamfutarsa sabuwar burauza ta gwaji, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Tambarinta kamar na tsohuwar yake, launi ne kawai ya ɗan bambanta. Ta yi gargaɗi da Turanci cewa tana iya rufe kanta ba zato. Na danna na wuce, na ɓoye tsohuwar.

Ta kuwa shiga rufewa. Malam yana tsakiyar duba wa mutum sakamakon jarrabawa sai allon ya daskare, komai ya ɓace. In aka kira ni, sai in buɗe tsohuwar a fakaice, aiki ya tafi sumul.

"Malam, hannunka ne fa," na ce masa a gaban mutane. "Ka ga ni da na taɓa ai ta yi."

Masu cajin waya na maƙwabta suka ɗauki maganar. Da ya miƙa hannu za a gaisa sai wani ya ja baya. "A'a Baba, daga nesa! Wayata sabuwa ce." A kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙara.

Shi kuma ya yarda. Ya koma ba ya zama kujerar sai da alwala. Yakan yi wa linzamin kwamfutar tofi, daga baya ya riƙa lulluɓe shi da hankici kafin ya kama. Wata safiya na iske shi bayan shago yana wanke hannu da rubutun da ya karɓo wajen wani malami a garin Ruwan Godiya, baƙin tawada yana bin yatsunsa. Ban tsaya ba, na je na ba masu caji labari.

Ya taɓa jawo ni gefe. "Ɗana, kai da idonka ya buɗe, ko akwai abin da nike dannawa ba daidai ba?"

"Babu, Malam. Wasu mutanen dai inji bai karɓarsu."

Cire burauzar nan ba zai kai shan kofin ruwa ɗaukar lokaci ba. Na bar ta.

Ranar da wata Hajiya daga Faskari ta zo a tura wa ɗanta takardun makaranta, abin ya yi ta rufewa har ta fusata, ta zazzage Malam tas a gaban Alhaji. Bayan ta fita Alhaji ya ce, "Malam, ka huta hakanan. Shekaru sun ja."

Malam bai yi musu ba. Ya dubi tafin hannuwansa ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Ni ne." Ya ɗauki butarsa da dardumarsa. Kafin la'asar na hau kujerar, na cire burauzar a ɓoye, kwamfuta ta koma daidai, Alhaji yana ta sa mini albarka.

An daɗe kafin na nemi inda yake. Aka ce ran kasuwar Yankara yana kasa barkono. Na tafi da niyyar in gaya masa komai, in roƙe shi gafara. Ya tarbe ni da murna, ya gyara mini gefen tabarma, ya tambayi Alhaji da iyalina. Na ce an yi mini haihuwa, na zaro waya na miƙa masa ya ga hoton jaririyar.

Sai ya mayar da hannuwansa baya.

"Riƙe mani, ɗana, in gani daga nan. Kada in ɓata maka."

Na riƙe masa. Ya daɗe yana kallo yana yi mata addu'a. Na sayi barkono, na hau mota, ban gaya masa ba.